Yaya da Ƙwaƙwalwar Motarsa

Yayan matata mutum ne mai tsafta, kuma tsaftar ce ta kai shi ya buɗe bonet ya saita tiyon ruwa mai ƙarfi a kan injin motarsa, lungu-lungu, har sai da komai ya yi ƙyalli. Injin ya yi kyau ƙwarai. Tashi ne dai ya daina yi. Ruwa ya bi ta filogi ya shiga akwatin ƙwaƙwalwar motar, ya kwana a ciki, ya bar koren tsatsa a kan allon.

Da yake ni ne mai taɓa irin wannan aiki a cikin dangi, sai ga shi da akwatuna biyu a leda: nasa da ya sha ruwa, da wani na hannu mai lamba iri ɗaya da ya samo. Ya ce, "Ka juye wannan a cikin wannan. Ina da wajen zuwa da yamma."

Akwatin Bosch ne, EDC16, irin na motocin dizal. A cikinsa akwai babban aisi na Motorola, wato ƙwayar lantarki, wanda shi ne mai tunanin, akwai filash, wato ma'ajiyar bayanai, inda manhajar injin take tare da jadawalin mai da iska, sannan can gefe ga wani ɗan mitsitsin aisi mai ƙafa takwas, 95320. Kilobayit 4 kacal yake ɗauka, amma a nan sirrin motar yake, har da bayanan imobilaiza, wato abin da ke sa injin ya san makullin gidansu. In ka juye filash ka bar wannan, motar za ta ɗauki mai ita ɓarawo.

Tsohon akwatin bai ba ni wahala ba. Na buɗe shi, na wanke allon, na ɗora shi a kan firam, na sauke allurai masu sifirin a kan 'yan ɗigon tagullan da ake kira BDM. Ta nan ake magana da babban aisin kai tsaye, ko manhajar da ke ciki tana da rai ko ta mutu. Na karanta, na sake karantawa, na gwada fayilolin suka zo daidai, na adana. Wannan ba na wasa da shi.

Da na ɗauko sabon zan buɗe, Yaya ya riƙe hannuna. Wai wanda ya sayar masa ya ce in aka ɓalle murfin ba a mayarwa. Na ce to, za a iya rubutawa ta filogi, amma a hankali take tafiya, kuma ba ta son a katse ta. Ya ce ai shi ma ba ya son a katse shi. Na jona wayoyi, na saita na'urar ba da wuta a bolt 13.5, na danna.

Matsalar sana'ar nan ita ce ba a ganin gumi. Bakanike yana shiga ƙarƙashin mota ya fito baƙi ƙirin, mai mota ya ji tausayinsa. Ni kuwa ina zaune a kujera, hannu a haɓa, ina kallon wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta. Yaya ya leƙo ta kafaɗata.

"Yanzu aikin kake yi?"

"Shi nake yi, Yaya."

"Ikon Allah."

Ya zaga ɗakin, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya tambayi me ya sa haruffa suka cakuɗe da lambobi. Na fara yi masa bayani cewa filash ba ya karɓar sabon rubutu sai an share tsohon tukuna, wurin da aka share kuma duk FF yake nunawa, saboda haka a daidai wannan lokacin akwatin nasa ba shi da tsohon hankali, sabon kuma bai gama shiga ba. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya daina saurare tun kalmar farko. Layin ya kai kashi 61.

Sai na ji ƙas. Fitilar na'urar wuta ta mutu. Kwamfuta, da yake tana da batirinta, ta tsaya da ranta don ta ba ni labari da jan rubutu cewa akwatin ya daina amsawa.

Na waiwaya. Yaya yana tsugune a gindin bango, filogina a hannunsa na hagu, cajar wayarsa ta riga ta shige soket.

"Saura kashi 4 ta mutu," in ji shi. "Ai na ga kwamfutarka ba ta ɗauke ba."

Wan matarka ne. Akwai maganganun da suka taso mini har maƙogwaro, na tuna da zaman lafiyar gidana, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya samu fitowa shi ne, "Sannu, Yaya."

Na mayar da wuta, na kira akwatin, shiru. Ta filogi sai manhajar ciki ta amsa sallama kafin a yi magana, manhajar kuwa an yanke ta a tsakiya. Saura hanya ɗaya. Na kunna na'urar hura iska mai zafi ina bin gefen murfin don gam ɗin ya yi laushi, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan kada abin ɓanɓarar ya zarce ya yanki allo. Yaya yana tsaye a kaina yana ta nanata cewa an ce fa ba a mayarwa. Na ce masa a halin da yake ciki yanzu ko mai shi ba zai gane shi ba.

Allurai suka sauka, aisin ya amsa. Na rubuta filash, na rubuta ɗan mai ƙafa takwas, manhajar ta duba lissafin tantancewa ta ce daidai. Wannan karon jikina na jingina da soket ɗin har aka gama.

Muka ɗaura a mota. Na murza makulli, inji ya tashi, daɗi ya fara kama ni, kafin in sauke numfashi ya mutu. Na sake, haka. Fitilar makulli tana ta ƙiftawa a dashbod. Wannan ita ce alamar da duk mai wannan aiki yake tsoro, domin haka mota take yi in bayanan imobilaiza ba su juyu daidai ba. Yaya ya harɗe hannu ya ce dama shi tun da ya ga ina zaune kawai jikinsa ya ba shi.

Na cire akwatin, na koma tebur, na karanta abin da na rubuta na gwada da na asali. Ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Na dawo na sa mita tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken mota, ta nuna om 60, wato layin CAN da na'urorin motar suke magana da juna ta kansa lafiya lau. Na jona sikana, ta ce ba ta ga makulli ba. Makulli kuwa ga shi a jiki.

Na zare shi na juya shi a tafin hannu. Ƙarfe ne zalla, siriri, ko robar kai babu. Makullin gaske yana da ɗan ƙwayar aisi a cikin kansa, wanda zoben waya da ke kewaye da ramin makulli yake ba wa wuta ta iska, shi kuma ya faɗi lambarsa. Wannan ba shi da abin faɗa.

"Yaya, ina makullin motar?"

Ya shafa aljihun gaban rigarsa. "Yana nan. Wannan yankowa na yi don masu gyara. Ka san mutane, sai a bar musu mota su tafi yawo da ita."

Na miƙa hannu ban ce komai ba. Ya ba ni da ƙyar, yana kallona kamar zan gudu da ita. Murzawa ɗaya injin ya tashi ya zauna daram.

Yaya ya saurari ƙarar injin, ya gyaɗa kai, ya ce ashe da bai zo ya tsaya a kan aikin ba da har yanzu muna nan. Ya shiga ciki ya zaro wayarsa daga caji, ya dawo ya kara mini ita a fuska.

"Ka gani? Ɗari cif. Kuma ba wanda ya zauna yana gadinta."