Ni da Mutum-mutumina a Ƙasa

Wata uku na kwashe ina haɗa ɗan mutum-mutumina mai ƙafa biyu, wanda tsayinsa bai kai gwiwata ba. Ranar gwaji na kira ƙanwata ta zo ta sha kallo. Na kunna shi. Ya ƙame kamar soja, ya ɗaga ƙafar dama, sai ga shi ya kifa da fuska, tim!

Ashe na'urar jin karkata, mai yi masa aikin da cikin kunne ke yi wa ɗan Adam, a juye na ɗaura ta. In ya rinjaya gaba sai ta ce wa kwamfutarsa baya zai faɗi, ita kuwa baiwar Allah ta ƙara ingiza shi gaba iya ƙarfinta. Na gyara. Don gudun abin kunya na biyu, na ƙara wa injinan gwiwa da na idon sawu zafin nama. Sai ya hau karkarwa: ya gyara tsayuwa ya zarce, ya dawo ya sake zarcewa, har sukurori biyu suka zube.

"Yaya, zazzaɓi ne? In kawo bargo?"

Na ce mata kimiyya ba wasan yara ba ce. Tafiya faɗuwa ce da ake tarewa da ƙafa, kamar tsayar da sanda a tafin hannu. Muddin nauyin jiki ya fice daga inda tafin ƙafa ya taka, ko a jefa ɗaya ƙafar da sauri ko a sha ƙasa. ASIMO, mutum-mutumin kamfanin Honda da ya fito a 2000, da gwiwa a lanƙwashe yake takawa. A gasar da DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, ta shirya a 2015 ma, manyan mutum-mutumai masu tsadar gaske sun yi ta zubewa a gaban jama'a, balle nawa.

Ganin ba ta gamsu ba, na miƙe in nuna mata a aikace. Na lanƙwashe gwiwa, na mayar da nauyina kan ƙafar hagu, ina lissafin kowace gaɓa. Tunda nake ban taɓa tunanin yadda nake tafiya ba, ina farawa kuwa ƙafafun suka zama kamar na aro. Taku na uku wayar caji ta harɗe ni. Na zube kusa da shi, fuska a ƙasa, irin kifawarsa sak.

Ta leƙo kaina, ta ce, "Yaya, kai ma a juye aka ɗaura maka taka?"