Kwamared, kafin ka buga fosta zauna mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina matasan Jos, musamman ku da ake kira kwamared, masu yashe kwata ranar Asabar, masu haɗa kuɗin magani ma marasa lafiya a asibiti, masu shiga rediyo da yin laif a Facebook kuna faɗa ma gwamnati gaskiya. Na ga da yawanku an fara ɗaukar hoto da babbar riga da hula ana rubuta majalisar jiha insha Allahu a ƙasa. Toh ni ban zo in hana kowa ba, wallahi daɗi ma nake ji, dama abinda muka daɗe muna roƙo kenan, yaran da suka san ciwon unguwa su shiga inda ake yanke hukunci. Amma akwai maganar da masu zuga ku a komen ba za su gaya muku ba, kuma gara ku ji ta yanzu kafin ku sayar da fili ko mashin.

Doka kam ta buɗe muku ƙofa. Tun ranar 31 ga Mayu 2018 da marigayi Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulkin nan da matasa suka yi ta fafutuka a kai, shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Sashe na 106 na kundin tsarin mulki abu huɗu kawai yake nema: ka zama ɗan ƙasa, ka kai 25, ka yi karatu matakin sakandare, sannan ka zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ce ta tsayar da kai. Na huɗun nan shi ne inda muke faɗuwa, ba a takarar indifenda a Najeriya, komai yawan masoyanka sai wata jam'iyya ta ɗauki sunanka ta miƙa ma INEC, ita kuma jam'iyya ba a TikTok take zaune ba, tana gunduma, tana hannun wasu dattawa da mata da ba su san kana da folowas ba kuma ko sun sani bai dame su ba.

Ku duba yadda aka yi firamare a 2022. Manyan jam'iyyu deliget suka yi amfani da su, PDP mutum 3 daga kowace gunduma, APC mutum 5, kaga a lokacin idan mazaɓarka tana da gunduma 7 toh mutum 21 ne ko 35 za su yanke ko sunanka zai hau takardar zaɓe ko ba zai hau ba. Kuma ko an ce ƙato bayan ƙato za a yi, waye ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya? Su ne dai. Su waɗannan mutanen an zaɓe su ne a taron gunduma tun kana can kana rubutu akan lalacewar ƙasa, ba ka je ba saboda kana ganin zaman ɓata lokaci ne.

Akwai wani ƙaninmu, yaro ne mai kirki wallahi, duk wanda aka kwantar a asibiti daga layinsu shi ake kira, jini ya bayar ba adadi, makarantar firamaren unguwarsu shi ya yi ta surutu har aka gyara rufin. Da ya fito takara sai ya ce in raka shi gaida ciyaman na gunduma. Bayan isha'i ne, lokacin sanyin nan namu mai shiga ƙashi, an jera benci a ƙofar gida, mai shayi na gefe, dattawa sun ƙudundune cikin rigunan sanyi, shugabar mata na zaune da wani tsohon littafi mai bangon kwali a cinyarta. Ya yi jawabi mai kyau sosai, ya kawo maganar kasafin kuɗi da rashin aikin yi, kowa ya yi shiru yana ji. Da ya gama sai shugabar matan ta buɗe littafin nan tana bin layi da yatsa, ta ɗago ta ce ɗana ban ga sunanka ba, yaushe ka yanki kati? Ya ce watan jiya Mama. Ta ce toh Allah ya yi maka albarka, mun san alherinka, amma wanda kake nema ka kayar ɗin nan shekara da shekaru duk rasuwa duk suna duk mitin yana kan bencin nan. Ba ta tambaye shi ko kwabo ba, kuma ni a ganina gaskiya ta faɗa mishi.

Ba ina ce babu masu karɓar kuɗi bane, akwai su, daren firamare kowa ya san abinda ake yi. Amma mu daina yaudarar kanmu cewa kuɗi ne kaɗai ke kayar da mu, sau da yawa rashin zama ne. Mai fafutuka ya saba shi ke magana ana tafi, ɗan siyasa kuma dole ya zauna ya ji ƙorafin wanda bai kai shi ilimi ba, ya jure, gobe ma ya dawo.

In kuna ganin farin jini ya isa ku tuna 2023 a nan Filato. Ranar 25 ga Fabrairu Peter Obi na Labour shi ya cinye jihar nan a zaɓen shugaban ƙasa, guguwa ce ta gaske kowa ya gani. Sati uku kacal bayan nan, ranar 18 ga Maris, aka zo zaɓen gwamna da majalisar jiha, kujeru 24 aka raba PDP 16, APC 7, YPP 1, ɗan takarar gwamnan Labour kuma ya zo na uku can nesa. Mutanen dai su ne, akwatunan ma su ne, bambancin shi ne zaɓen ƙasa-ƙasa yana bin wanda ke da mutum a kowane layi, mai tada maƙwabta da asuba, mai tsayawa a akwati har a ƙirga a rubuta a fom ɗin sakamako EC8A ya sa hannu ya karɓi kwafinsa. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe ne, ba ta tsare maka ƙuri'a in ba ka da ejan mai amana wanda ba za a saye shi da kuɗin abinci ba. Ka zauna ka ƙirga akwatunan mazaɓarka, ka tambayi kanka a guda nawa kake da irin wannan mutumin.

Sannan ku kula da jam'iyyar da za ku shiga, wannan darasin mu 'yan Filato mun biya shi da tsada. A Nuwamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta sauke 'yan majalisar jiha 16 na PDP gaba ɗaya, ba don ba su ci ƙuri'a ba, sai akan maganar tsarin shugabancin jam'iyyarsu da umarnin kotu kan zaɓen shugabanninta. Gwamna Caleb Mutfwang shi ma an sauke shi amma kotun ƙoli ta maido shi a Janairun 2024, su kuwa 'yan majalisa shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, haka suka rasa kujerun. Ka yi tunanin mutum ya sha rana ya ci bashi ya ci zaɓe, takardar da bai taɓa karantawa ba ta raba shi da kujera. Don haka kafin ka yanki fom ka nemi lauya ko da abokinka ne, ya duba maka ko shugabannin da za su sa hannu a takardarka halastattu ne, ko akwai ɓangare biyu, ko akwai ƙara a kotu, ya duba takardun makarantarka da sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya a ko'ina.

Maganar kuɗi ita ce ta fi tsorata ni. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, a PDP dubu 600, an yi ma matasa da mata ragi, amma fom ai shi ne mafi araha a cikin hidimar. A wancan lokacin dokar zaɓe ta 2022 ta ce kar ɗan takarar majalisar jiha ya kashe sama da miliyan 30, kai da ke haɗa dubu biyar-biyar a gurup ɗin WhatsApp don sayen jini ina za ka samo ko rabin wannan? Anan ne alhaji zai kira ka ya ce yarona kar ka damu ni zan ɗauki nauyi. Dan Allah kafin ka ce na gode ka tambaye shi me yake so, a fili, gaban shaida, domin ranar da ka shiga majalisa aka kawo maganar da ta shafi kwangilarsa ko filin da ya cinye, bakin nan naka da mutane suka so ka saboda shi zai mutu, kuma 'yan unguwa za su gane. Ba haramun bane babba ya taimake ka, siyasa ba a yinta ba manya, amma gara taimakon mutum ɗari kaɗan-kaɗan da na mutum ɗaya mai yawa. Kuma kar ka bar sana'arka. Wanda ba shi da abin yi sai siyasa, ranar da aka ce ya janye ko ya yi shiru ba shi da ƙarfin cewa a'a.

In Allah ya ba ka kuma, kar ka ɗauka an gama. Abok Ayuba daga Jos ta Gabas ya zama kakakin majalisar jihar nan a 2019 yana da shekara 33, duk ƙasa aka yi ta murna matashi ya hau. A Oktoban 2021 'yan majalisa 8 cikin 24 suka ce sun tsige shi, sai a Afrilun 2023 kotu ta maido shi, lokacin wa'adin ya kusa ƙarewa. Ko kana goyon bayansa ko ba ka yi, abin lura shi ne cikin zauren nan lissafin ƙuri'a ake yi, kai ɗaya ne cikin 24, ƙudirinka ba zai wuce ba sai ka shawo kan na Langtang da na Wase da na Bokkos, mutanen da wataƙila ka taɓa zagi a Facebook. Shi ya sa nake roƙonku ku rage zagi tun yanzu, suka daban cin mutunci daban, kuma sikirinshot ba ya mutuwa. Ku kuma san aikin: ɗan majalisa doka yake yi, shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke bin diddigin ma'aikatu. Kar ka hau mumbari ka ce za ka yi titin unguwa ka kawo ruwa kowane gida, ba kai ke riƙe da baitulmali ba. Ka ce za ka tsaya a sa shi a kasafi kuma za ka dawo ka faɗa musu nawa aka sa nawa aka saki, wannan dama shi ne aikin da ka iya tun kana kwamared.

Yanzu ga wadda ta fi duka nauyi a wajena. Jos ba kamar ko'ina bace. Wanda ya yi wayo a Nuwamban 2008 ya san abinda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ɗaruruwan rayuka suka tafi, unguwanni suka rabu, har yau akwai wanda ke tsoron kwana a inda aka haife shi. Hanya mafi sauƙi ta tara jama'a a garin nan ita ce ka ce su waɗancan ne matsalarmu, za a yi maka kabbara ko a yi maka haleluya, kuma za ka ga kamar ka samu karɓuwa. Ina haɗa ku da Allah kar ku bi wannan hanyar, kujerar da aka hau ta kan gawar ɗan wani ba alheri a cikinta duniya da lahira. Kwatar da ta toshe a Gangare da rashin ruwan Tudun Wada da ƙwayar da ke cin yara a Unguwar Rogo da Jenta duk ciwo ɗaya ne, in kai ɗan Ali Kazaure ne ka taka ka je Kabong ka zauna da matasansu tun ba ka neman komai, in kai ɗan Kabong ne ka shigo Bauchi Road a sha shayi da kai. Kuma duk wanda ya kawo maka shawarar a ɗauko yaran sara-suka su raka ka kamfe a ba su kuɗin ƙwaya, ka sallame shi a ranar, yaran nan ƙannenmu ne, jiya kai ne kake rubutu a kansu kana hawaye.

'Yan uwana mata ku ma da ku nake. Rukayat Shittu tana da shekara 26 ta ci kujerar majalisar jihar Kwara a 2023, kuma tun kafin matan Arewa su samu damar jefa ƙuri'a Hajiya Gambo Sawaba take shiga kurkuku saboda siyasar jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano. Za a yi muku ƙazafi, wannan tabbas ne, ku shirya ma iyayenku da mazajenku zuciya tun kafin a fara, mu kuma maza mu ji tsoron Allah mu daina yaɗa abinda ba mu gani ba.

Kuma wataƙila ka faɗi a karon farko, yawanci ma haka ake yi. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a 1950, shekarar da aka kafa NEPU, ya tsaya zaɓen 1954 ya faɗi, sai a 1959 ya shiga majalisar tarayya, tsakanin nan bai koma gida ya yi fushi ba kuma bai tsallaka wajen masu mulki ba. Mu kuma yanzu mutum na faɗuwa firamare da daddare da safe ya canja hula, ko ya ɓace sai bayan shekara huɗu ya dawo da sabon fosta. In ka faɗi ka je ka taya wanda ya ci murna, Asabar mai zuwa a ganka a bakin kwata da shebur kamar yadda ka saba. In majalisar jiha ta yi maka nisa ba abin kunya bane ka fara da kansila, ko sakataren gunduma, ko shugaban matasa na jam'iyya. A satin nan ka duba katin zaɓenka ko akwatinka na cikin mazaɓar da kake so, in ba ya ciki ka nemi INEC ta maido maka da zarar an buɗe rajista, sannan ka tambayi ranar mitin ɗin gunduma na gaba ka je da wuri, ka gaida mutane, ka zauna har a tashi.