Ba a faɗi ƙarshen makaɗan ba

Labarin da kuka buga ya ce kiɗa ne ya riƙa ƙarfafa zukatan fursunoni a sansanonin 'yan Nazi na Jamus, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Haka ne, amma an tsallake abin da ya fi ci mini rai.

A sansanin Auschwitz, a ƙasar Poland ta yau, masu gadi ne ke tilasta wa makaɗa su tsaya bakin ƙofa safe da yamma suna kiɗa, ana kora mutane aikin dole, ana dawo da su, wani lokaci ɗauke da gawarwakin 'yan uwansu. Alma Rosé da ta jagoranci makaɗa mata a Birkenau, wani sashe na Auschwitz, can ta rasu a 1944.

Ga kuma sansanin Theresienstadt, a ƙasar Czech ta yau. Yaran Yahudawa sun yi wasan waƙar Brundibár na Hans Krása sau 55. Da wasan nan 'yan Nazi suka yi wa wakilan Red Cross rufa-rufa a 1944, wai lafiya lau ake zaune, har fim suka ɗauka. A watan Oktoban shekarar aka kwashi Krása da 'yan uwansa masu tsara kiɗa, Pavel Haas da Viktor Ullmann, zuwa Auschwitz aka hallaka su da iskar gas, yawancin yaran ma ba su tsira ba.

Tun yana Theresienstadt, Ullmann ya tsara wasa a kan wani sarki da ya shelanta yaƙi da kowa, har Mutuwa ta yi fushi ta daina ɗaukar rai. Ba a nuna shi ba sai 1975 a Amsterdam. Don Allah edita, a ƙara sunayen mutanen nan cikin labarin.