An Tara Kuɗi da Sunan Makaɗan Zariya, An Ajiye Su a Bakin Kwata

Bikin kiɗa da waƙa da aka yi a kan titinmu a Sabon Gari, wanda aka yi ta shelarsa a rediyo da Facebook a matsayin ranar karrama makaɗan gida, wulaƙanci ne aka shirya wa makaɗan, kuma da kuɗinmu aka shirya shi. Ina cikin masu shagunan da 'yan kwamitin bikin suka bi ɗaya bayan ɗaya suna karɓar gudummawa, mun kuma bayar da zuciya ɗaya saboda an ce mana za a fito da masu kalangu da kukuma da gurmi, da mata masu amada, da ƙananan ƙungiyoyin matasan da ke kiɗa da hannunsu, a ba su dandamali da lasifika mai kyau domin jama'ar gari su ji abin da suke da shi a gida. Tun da na saka kuɗina kuma na rufe shagona dominsa, ina da bakin magana, kuma ba a cikin raɗa zan yi ta ba.

An rubuta a takardar gayyata cewa za a fara bayan sallar la'asar, amma makaɗan an umarce su da su hallara tun azahar domin a gwada na'urorin sauti da kayan kiɗansu. Sun zo a kan lokaci, wasu daga cikin birni, wasu daga Tudun Wada da Samaru, wasu ma daga ƙauyukan Giwa da Soba, kowa da 'yan amshinsa, kowa ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. Ba a gwada komai ba. Mai na'urar bai ƙarasa haɗa wayoyinsa ba sai dab da magariba, kuma da ya gama, waƙoƙin da ke cikin kwamfutarsa ya saki, bai ko kalli inda makaɗan suke ba. Inda suke ɗin ma abin kunya ne a faɗa: bencina ne aka jera musu a bayan dandamali, a bakin kwata, kusa da janareta, hayaƙi yana turnuƙe su. A gaba kuwa an kafa rumfuna, an jera kujerun kushin, an manna wa kowace sunan wani babban mutum, kuma haka kujerun nan suka zauna wayam har bayan isha'i, alhali dattawan da aka ce don su aka yi taron suna takure a kan katako cikin ƙura da sanyin hunturu.

Akwai wani tsoho mai kukuma da ya zauna daura da ƙofar shagona. Ya naɗe kukumarsa a cikin hannun babbar rigarsa don kada ƙura ta hau izgar, lokaci zuwa lokaci yana fito da ita yana shafa fatar da tafin hannu, yana ɗan ja ya saurara, ya mayar. Da wani yaro ɗan kwamiti mai rataye da kati a wuya ya zo wucewa, sai ya tsayar da shi cikin ladabi ya ce, "Ɗana, yaushe ne namu lokacin? Yarana ko abincin rana ba su ci ba." Yaron bai ko rage tafiya sosai ba ya ce, "Baba, a ƙara haƙuri, babban baƙo bai iso ba." Wannan amsar ita aka yi ta maimaita wa mutumin da ya yi jika da mai ba shi ita. Ruwan leda da suka sha ma mai shayin kan kwana ne ya aika musu don Allah, yayin da aka wuce da katan-katan na lemo da abinci a robobi zuwa ƙarƙashin rumfar da babu kowa.

Da manyan baƙin suka iso sai aka shiga jawabai. Kowane mai jawabi sai da mai gabatarwa ya yi masa kirari mai tsawo, ya lissafa muƙamansa na da da na yanzu, sannan shi kuma ya karɓi makirufo ya gaishe da duk wanda ke zaune a layin gaba da sunansa, ya faɗa mana cewa al'ada ita ce tushen al'umma kuma wajibi ne a raya ta. Masu raya ta suna bayansa suna hamma. Lokacin da aka keɓe wa kiɗa kaf a nan ya tafi, kuma man janareta ma a nan ya tafi.

Sai da dare ya yi nisa aka kira mata masu amada. Duk wanda ya taɓa ganin wannan kiɗa, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013, ya san cewa a zaune ake yin sa, ƙore a kife a gaban mata, wata ƙwaryar a kan ruwa a cikin babban masaki, don haka dole a sauko da makirufo ƙasa kusa da ƙoren. Babu wanda ya yi wannan tunani. Makirufo ɗaya aka miƙa wa uwar waƙar, aka bar amshi da kiɗan suna ɓacewa a cikin hayaniyar titi. Ba su kai tsakiyar waƙa ta biyu ba janareta ya yi tari ya mutu, wuri ya yi duhu, aka ce mai ya ƙare. Kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Amma tsadar mai ba jiya ta fara ba, kuma da sunan man nan musamman aka karɓi kuɗi a hannunmu. Matan suka tattara ƙorensu da hasken waya suka sauka, mai gabatarwa bai ko nemi a tafa musu ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, da aka ce motar mawaƙin da aka gayyato daga wani gari ta iso, nan take jarkar mai ta fito daga inda aka ɓoye ta.

Shi wannan baƙon ba shi da makaɗi ko ɗaya. Ya miƙa wa mai na'ura filashi, aka saki waƙar da ya ɗauka a situdiyo, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki yana zagaya dandamali. A wani lokaci ya sunkuya yana gaisawa da wani Alhaji a layin gaba, bakinsa yana cewa "ranka ya daɗe", muryarsa kuma tana ci gaba da rera baiti a lasifika ba tare da ta saurara masa ba. Ba ni da rigima da mawaƙan situdiyo. Sana'arsu ce, suna da masoyansu, 'ya'yana ma suna cikinsu. Amma irin wannan ana ganin sa a kowane ɗakin biki a garin nan duk ƙarshen mako, kuma ba don shi aka rufe titi ba. An ce mana kiɗa na ido da ido za a yi, wanda mai kalangu zai matse tsarkiya a hammatarsa ya sa fata ta kira sunan mutum, mawaƙi ya hango wani a cikin taro ya ƙirƙiro masa baiti nan take, 'yan amshi su cafke. Wannan shi ne abin da na'ura ba ta iyawa, kuma shi ne abin da aka hana mu.

Matasan ma ba su tsira ba. Wata ƙungiya ta samari daga Samaru, masu haɗa gita da ganguna na zamani da kalangu, sun ɗauko kayansu a Keke Napep biyu, kuma na ji daga bakinsu cewa sun daɗe suna atisaye saboda wannan dare. An hau da su a gurguje bayan baƙon ya tafi da rabin jama'a, aka ce babu wayar da za a jona gitarsu, suka yi waƙa ɗaya wadda ba a jin komai a cikinta sai ganga, sannan aka kashe musu makirufo da hujjar cewa lokacin da hukuma ta bayar ya cika. Tsohon nan mai kukuma kuwa, da mai gurmi da ya zo daga ƙauye, ba a kira su ba sam.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kowace muni. Tun farkon taro aka yi sanarwa cewa an hana liƙi, saboda sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da tattaka su, kuma hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Dokar gaskiya ce, babu mai musu. Sai dai kowa ya san cewa makaɗin gargajiya ba albashi gare shi ba, abin da masoyi ya ba shi a fili shi ne cefanen gidansa, kuma babu dokar da ta hana a miƙa wa mutum kyauta a hannunsa. Maimakon haka sai aka ajiye wani akwati a gaban dandamali, aka ce duk mai son yi wa makaɗa alheri ya saka a ciki, za a raba musu bayan taro. Mutane sun saka, na gani da idona, har da masu sayar da gyaɗa da rake. Da aka tashi, akwatin ya shiga bayan wata mota. Abin da aka damƙa wa shugaban kowace ƙungiya a ambulan bai kai kuɗin motar da zai mayar da yaransa gida ba, waɗanda ba su hau dandamali ba kuma aka ce musu ai ba su yi aiki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu daga cikin mutanen ƙauyen a barandar shagunanmu suka kwana, domin a wannan tsakar dare babu motar da za ta bi hanyarsu.

Da a wani gari aka yi wannan da ban ji zafinsa haka ba. Zazzau ba baƙuwar kiɗa ba ce. Masarauta ce da makaɗa ke da sarautunsu da matsayinsu a fada, inda aka san kiɗan sara na daren Juma'a a ƙofar Sarki, inda kakaki da algaita da tambari ke gaban Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe. A garin nan wani Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna a shekarun 1960 yana bin makaɗa gida-gida yana rubuta sunayen kayan kiɗansu da lokutan da ake kaɗa kowanne, aikin da ya fito a littafi a 1971 tare da Anthony King. A garin nan kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta yi wa Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, ta zaunar da mawaƙin kalangu a sahun manyan masana. Idan jami'a ta iya ba mawaƙi kujera a gaban taro shekaru da dama da suka wuce, wane ne ɗan kwamitin da zai ce wurin makaɗi bayan janareta ne?

Ɓarnar ba ta tsaya a daren ba. Yawancin waɗannan sana'o'i gado ne, uba yake koya wa ɗa, kuma 'ya'yan sun riga sun fara gudu zuwa acaba da sayar da kayan waya, domin bukukuwan aure sun koma hannun masu na'ura, fatar ɗaure ganga da izgar doki kuma kullum tsada suke ƙarawa. Yaron da ya riƙo wa mahaifinsa kalangu tun azahar, ya ga an hana uban ruwan sha, ya ga an yi wa mai motsa baki rakiya har mota, da wane baki za a ce masa ya zauna ya koyi kiɗa? Masu jawabin da suka yi ta kukan cewa al'ada tana mutuwa su ne suka tura shi ƙofa a wannan dare.

Na ji uzurin da 'yan kwamitin ke bayarwa: wai karo na farko ne, wai masu alkawarin tallafi ba su cika ba, wai manyan baƙi ne suka makara. Rashin kuɗi ba shi ne ya hana a fara kiɗa a kan lokaci kujerun manya suna jiran masu su ba, ba shi ne ya ɓoye jarkar mai ba, ba kuma shi ne ya ɗauke akwati ba. Ko rufe titin ma ba a sanar da mazauna unguwa ba sai da suka wayi gari suka ga an gitta bencina, masu Keke suna ta zagaye ta lunguna.

Mu masu shagunan da muka bayar da gudummawa mun zauna, mun kuma rubuta wa kwamitin takarda. Muna so a kawo mana lissafi a rubuce na abin da aka tara da abin da aka kashe, da adadin da aka biya baƙon da aka gayyato, a ajiye shi kusa da abin da aka bai wa makaɗan gida domin kowa ya gani. Muna so a faɗi nawa aka samu a cikin akwatin da wanda ya ƙirga shi, a raba shi ga masu shi a gaban shaidu, har da waɗanda aka hana hawa dandamali, a kuma mayar wa mutanen ƙauye kuɗin motarsu. Idan ana son maimaita bikin baɗi, sai makaɗan sun sami wakilansu a cikin kwamitin, an rubuta wa kowace ƙungiya lokacinta da ladanta kafin ranar, an kuma biya ta rabi tun kafin ta baro gida. In takardar ba ta sami amsa ba, za mu kai maganar gaban mai unguwa tare da shugabannin makaɗan, kuma kowannenmu yana riƙe da rasidin da aka ba shi ranar da aka karɓi kuɗinsa.