Nasiha Game da Ƙwannafin da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Da yawa a cikinmu suna kwana da zafin ƙirji da gyatsa mai tsami, suna shan kanwa suna cewa ƙwannafi ne kawai, alhali a wasu lokuta abin ya wuce nan. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani faffaɗan tantanin nama mai 'yar kafa wadda hanyar abinci take bi ta gangara tumbi. Idan kafar ta saki, sai saman tumbin ya kutsa cikin ƙirji, ruwan tsamin ciki kuma ya riƙa hawowa maƙogwaro. Wannan shi ne likitoci suke kira hayatos haniya, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50.

Tsufa da juna biyu suna kawo shi, amma akwai inda muke da hannu dumu-dumu: ƙiba da teɓa, ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinmu, yunƙuri saboda taurin bayan gida, da tarin da taba take haddasawa. Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta dare. Mutum ya wuni bai sa komai a baki ba, ko saboda aiki ko saboda azumi, sannan ya cika cikinsa maƙil da tuwo da miya mai maiƙo da yaji, ya miƙe a gado nan take. Karin Magana 25:16 ta gargaɗe mu cewa ko zuma muka samu mu sha daidai bukata, Galatiyawa 5:23 kuma ta lissafa kamunkai cikin albarkar Ruhu. Ni a ganina, kamunkan nan ya shafi kwanon abinci kamar yadda ya shafi harshe, tun da 1 Korintiyawa 6:19 ta ce jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne.

Saboda haka a riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, a bar tazarar awa 3 tsakanin cin dare da kwanciya, a ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta gefen hagu. A rage soye-soye, yaji, goro da kofi, a rabu da taba da giya, a sassauta ɗamara, a yawaita ganye da ruwa.

Matakan nan suna kwantar da zafin ne, ba sa mayar da tumbin mazauninsa. Manzo Bulus da kansa ya kula da ciwon cikin Timoti, ya kuma kira Luka ƙaunataccen likita, don haka zuwa asibiti ba raunin bangaskiya ba ne. Wanda abinci yake maƙale masa, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko yake ramewa ba dalili, ya ga likita ba tare da jinkiri ba. Zafin ƙirji mai tsanani kuwa yana iya zama ciwon zuciya, a garzaya da mai shi a daren, kada a jira gari ya waye.