Me ya sa aka ce Markus, ba a ce Bitrus ba?

Duk wanda ya karanta Bisharar Markus, ɗaya daga cikin littattafai huɗu na Littafi Mai Tsarki da ke ba da labarin Yesu, surori 16 ɗin nan kaf, ba zai ga inda marubucin ya faɗi sunansa ba. Shaida mafi daɗewa da ke danganta littafin da Markus ta fito ne daga Papiyas, bishop na Hirafolis a ƙasar Turkiyya ta yau, a farkon ƙarni na 2. Littafinsa ya ɓata, sai guntayen da wasu marubuta suka kwafo, ciki har da masanin tarihin coci Yusibiyus na Kaisariya a ƙarni na 4. Papiyas ya ce wani dattijo ne ya faɗa cewa Markus tafintan Bitrus ne, wato masuncin nan ɗan Galili, almajirin Yesu, ya rubuta daidai abin da ya tuna, amma ba bi da bi ba, domin Markus kansa bai ji Yesu da kunnensa ba. Wajen shekara ta 180 Ireniyus, bishop na Liyon, ma ya faɗi makamancin haka.

Masana da yawa a yau ba su gamsu ba, kuma suna da hujja. A sura ta 5, garken aladu ya ruga cikin Tekun Galili a ƙasar Garasinawa, alhali garin Garasa ya fi kilomita 50 daga bakin ruwan. Sukan tambaya, mutumin da ya zauna da masunci ɗan Galili zai rubuta haka? Wanda ya saba da ilimin isnadi kuma zai lura cewa sarƙar riwayar siririya ce.

Duk da haka ni na karkata ga riwayar. Mai ƙirƙirar suna don littafi ya samu karɓuwa, babban suna yake nema. An ma yi hakan: a ƙarni na 2 wata bishara ta yaɗu da sunan Bitrus, har Sarafiyon, bishop na Antakiya, ya hana karanta ta. To me zai sa a laƙaba wannan ga Markus? Ba ya cikin almajiran Yesu sha biyu. A littafin Ayyukan Manzanni shi ne ya bar masu wa'azi Bulus da Barnaba a yankin Bamfiliya ya koma Urushalima, abin da ya jawo saɓanin da ya raba manyan biyu. Papiyas kuma bai ɓoye raunin Markus ba, shi da kansa ya ce Markus ba ganau ba ne, jiyau ne.

Cikin littafin ma akwai alamu. Kalmomin Aramiyanci, harshen da Yesu ya yi magana da shi, irin su "Talita kumi" da "Abba" sun zauna yadda aka furta su, kamar wanda ya ji su ne ya kasa mantawa. Bitrus kuwa ba a rufa masa asiri ba: an kira shi Shaiɗan, ya yi barci a lambun Gatsemani a daren da aka kama Yesu, ya yi musun Ubangijinsa sau uku.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu fastoci ke faɗin "Markus ya rubuta" kamar aya ce. Riwayar magabata ce mai ƙarfi, kuma matashin da bai taɓa jin sunan Papiyas a coci ba, ranar da wani ya nuna masa a Facebook cewa littafin ba ya ɗauke da sunan marubuci, zai zaci shekara da shekaru ana ɓoye masa wani abu ne.