Sai da Aka Yi Fim Kuka San An Yi Zalunci?

Don girman Allah a daina cika mana kunne da "kun ga ikon fim". Tun da tashar ITV ta Birtaniya ta haska Mr Bates vs The Post Office, shirin nan mai kashi huɗu, a farkon Janairun 2024, kowa ya zama sarkin tausayi. Wannan ya ce ya kasa cin abincin dare, waccan ta ce ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, wani kuwa yabon Toby Jones kawai yake zubawa, wai ya iya hawa matsayin Alan Bates, jagoran masu riƙe da rassan gidan waya da aka zalunta. Ya iya ɗin, ban musa ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne, ina duk masu hawayen nan suke sama da shekara ashirin?

A 1999 ne hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara girka manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a rassanta. Masu riƙe da rassan nan 'yan kanti ne masu cin gashin kansu. Da yawansu sun kwashe abin da suka tara a rayuwa sun kama shago a ƙauye, gefe guda jarida da madara, gefe guda tagar da tsofaffi ke karɓar fansho. Hukumar ta ce bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu, duk giɓin da ya bayyana a lissafi, daga aljihunka za ka cike. Sai na'urar ta shiga ƙirƙiro giɓin da babu shi.

Akwai wata mata a wani ƙauyen Hampshire da aka nuna a shirin, kuma ba ƙagen marubuci ba ne. Ta ga giɓi, ta kira layin agajin hukumar, suka ce danna nan, danna can. Tana riƙe da waya a kunne, tana kallon allo, giɓin ya ninka a gaban idonta. Suka ce ita za ta biya. Ta ci bashi a kan gidanta, ta yi ta zubawa a ramin da ba ya cika, har adadin ya kai fam 36,000. Daga ƙarshe ta amsa laifin murɗe lissafi don kawai a janye tuhumar sata, mutanen ƙauyen suka yi karo-karo suka taimaka mata. Kuma duk wanda ya kira ya ce na'urar nan tana da matsala, amsa ɗaya ake ba shi: kai kaɗai ne ke wannan kuka. Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai a duk badaƙalar. Ka zalunci mutum, sannan ka sa ya fara zargin hankalinsa, ya koma gida yana kallon matarsa da yaron shagonsa da wani ido. Alhali ɗaruruwa ne ke kiran layin nan da kuka iri ɗaya.

Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900. A mafi yawan shari'o'in hukumar ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da tuhuma. A 2010 aka yanke wa wata mata mai juna biyu ɗaurin wata 15, ranar da ɗanta ke cika shekara goma. Shekara da shekaru jami'an hukumar suna rantsuwa cewa babu mai iya taɓa lissafin reshe daga nesa, ashe ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga daga ofishinsu na Bracknell.

Kada wani ya ce ba a sani ba. Mujallar Computer Weekly ta tona zancen tun 2009, shekarar da Bates, wanda aka ƙwace wa reshensa a arewacin Wales a 2003, ya tara waɗanda abin ya shafa a zauren taron ƙauyen Fenny Compton. A 2019 su 555 suka kayar da hukumar a babbar kotu. An sasanta a kan kusan fam miliyan 58, amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: lauyoyi da masu ɗaukar nauyin shari'ar suka kwashe kaso mafi tsoka, masu ƙarar kuwa kowa ya tashi da kimanin fam 20,000 a matsakaici. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. Duk an buga a jarida. Ƙasar ta karanta, ta juya shafi.

Sai ga wasan kwaikwayo. Cikin mako guda mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a karɓe lambar girma ta CBE daga Paula Vennells, shugabar hukumar daga 2012 zuwa 2019, ta kuwa ce ta mayar. Ranar 10 ga Janairu Firaminista Rishi Sunak ya miƙe a majalisa ya yi alkawarin dokar wanke mutane gaba ɗaya, a watan Mayu aka zartar. Ashe ana iyawa! Ashe ba hujja ce ta yi ƙaranci ba, 'yan wasa da kiɗan tausayi ake jira. To wanda zaluncinsa bai dace da kashi huɗu na talabijin ba fa, wa zai kai wa kuka?

Mu ma da muke sharhi daga nesa muna "Allah ya isa", kada mu yi saurin wanke kanmu. Wani banki ya taɓa zare mini kuɗi a cinikin da bai shiga ba. Na je, budurwar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, a sistem ɗinmu ya nuna ya tafi." Na ce mai kayan bai gani ba. Ta turo mini fom, ta ce in jira kwanakin aiki. Na tabbata idan aka haska mata shirin nan za ta yi kuka da hawaye, gobe kuma ta koma kujerarta ta maimaita wa wani mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema cewa na'ura ba ta ƙarya.

Su masu murnar an yi adalci su tsaya su yi lissafi. An ba Bates sarautar Sir a 2024, Vennells ta zubar da hawaye a gaban kwamitin bincike, shugaban Fujitsu na Turai ya ba da haƙuri. Amma da yawa sun mutu ba su ga wankewa ba, ba su ga diyya ba. Rahoton da shugaban kwamitin, Sir Wyn Williams, ya fitar a Yulin 2025 ya ce mai yiwuwa badaƙalar ce ta sa aƙalla mutum 13 suka kashe kansu. A ranar da rahoton ya fito, ko mutum ɗaya daga manyan hukumar ko na Fujitsu ba a gurfanar a kotu ba, kuma Horizon ɗin nan dai ita ce ke riƙe da lissafin rassan gidan waya.